Ɗakin amarya a idon na'ura: abin da za a nuna da abin da za a rufe

A hutun da ya gabata na kwana biyu a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Kusada, saboda bikin 'yar yayata da ke ta matsowa. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, sai yarinyar ta zo ta durƙusa, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kawu, ga ɗakina, haka nake so Baba ya sa a yi mini." Na karɓa na duba. Ɗaki ne tangameme, da taga tun daga ƙasa har sama, da farin kafet mai gashi kamar bayan rago, da fitilu suna reto daga rufi, ga kuma murhun ɗumama ɗaki a jikin bango wuta na ci a ciki. Na ce mata, "Wannan a wace ƙasa yake?" Ta yi dariya ta ce ai ɗakin da za a kai ta ne, ƙanwar angon ce ta ɗauko hotonsa, ita kuma ta saka a wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba manhajar ta ƙawata shi.

Murhun ya ba ni dariya, domin a ƙasar Katsina, in ka ɗebe 'yan makonnin hunturu, abin da ake nema shi ne hanyar korar zafi daga ɗaki. Amma da na ce ta nuna mini hoton asali, wanda aka ba manhajar, sai dariyar ta tsaya. An ɗauke shi da dare da hasken filashin waya. An tsaya a bakin ƙofa an karkata wayar sama. An rataya zani a bango ɗaya, wanda daga baya na gano tsaga aka rufe da shi. A ɗaya kusurwar kuwa ga akwatunan lefe a jere, biyu a buɗe, atamfofi da sarƙa duk a fili. Ga takardar shaidar kammala karatun angon a bango, sunansa ya fito raɗau. Ga wata yarinya ƙarama tana barci a kan tabarma. Wato abin da ya kamata na'ura ta gani an ɓoye mata, abin da bai kamata ya bar gidan ba kuma an miƙa shi ga wani kamfani da babu wanda ya san ƙasar da yake a cikinmu. Dalilin rubutun wannan mako ke nan, domin na tabbata a yau akwai gidaje da dama daga Kankia zuwa Kano da ake irin wannan.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa bayan an danna maɓallin. Manhajojin nan ba su daɗe ba. A shekarar 2022 ne Midjourney da DALL-E 2 da Stable Diffusion suka fito, su ne kuma suka sa zana hoto da umarnin rubutu ya zama abin kowa. A shekarar ce kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya fitar da IKEA Kreativ, wadda mutum zai ɗauki hoton ɗakinsa ya share kayan ciki ya gwada sababbi. A farkon 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da dabarar da suka kira ControlNet, wadda ke sa na'ura ta riƙe layukan hoton da aka ba ta, ta kuma yi kirdadon nisa da kusancin abubuwan ciki, sannan ta yi sabon zane a kai. A kan irin wannan dabara wasu ƙananan manhajojin ƙawata ɗaki suke tafiya. Saboda haka na'urar ba ta san ɗakinka ba, ba ta auna shi ba, ba ta san inda rana ke faɗuwa ba. Layuka take nema: inda bango ya haɗu da bango, inda ya haɗu da daɓe, inda ƙofa da taga suke. Idan layukan sun fito sosai, sai ta bi su. Idan duhu ya cinye su, ko kaya sun tare su, ba za ta ce maka ba ta gani ba. Sai ta cike giɓin da abin da ta saba gani.

Abin da ta saba gani kuwa ba namu ba ne. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan hotunan da aka koyar da irin waɗannan na'urori da su shi ne LAION-5B, wanda wata ƙungiya a Jamus ta fitar a 2022, mai ɗauke da hotuna kimanin biliyan 5.85 haɗe da bayanansu, an kuma kwaso su ne daga intanet. To, su wa ke cika intanet da hotunan ɗakuna? Dillalan gidaje na Turai da Amurka, da otal-otal, da kamfanonin kayan ɗaki. Mu kuwa al'adarmu ta gina gida ne a kan kada a ga ciki. Zaure na baƙo ne, shigifa ta tare ido, ɗakin matar aure kuma ko ɗan'uwan miji sai da sallama da dalili. Ɗakunan da aka tsare daga idon maƙwabci shekara da shekaru ba su shiga rumbun ba, kuma ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Sai dai sakamakonsa shi ne duk inda na'ura ta rasa abin kamawa a hoton ɗakin Ƙofa, ɗakin Landan za ta zuba a wurin. Daga nan murhun ya fito. Duhun kusurwar da akwatuna suka yi ta ɗauka bakin murhu ne.

Washegari da hantsi muka tafi gidan angon tare da kafinta, muka sake aikin. Abin da muka yi ba ya buƙatar waya mai tsada.

Haske shi ne kan gaba. Filashi yana fatattakar abin da ke kusa ya bar na nesa cikin duhu, kuma a can nesan ne kusurwoyin da na'ura ke nema suke. Ƙwan lantarki guda ɗaya mai ja-ja yana sauya launin bango, sai manhaja ta ɗauka fentin ke nan. Mafi kyau shi ne hasken rana tsakanin ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe, a buɗe ƙofa da taga, a ɗage labule, a kashe fitila. Mai ɗauka ya ba taga baya ko ya sa ta a gefensa, domin idan ya fuskance ta kai tsaye, wayar za ta daidaita kanta da hasken waje, ɗakin ya koma baƙi. A ɗakunanmu na karkara, inda taga kan zama 'yar ƙarama a can sama don tsare zafi da ido, ƙofa ce babbar hanyar haske, don haka a duba lokacin da rana ke kallon ƙofar. Sai kuma abin da kowa ke mantawa: a goge idon kyamarar da gefen riga. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa sun ɓata hotuna fiye da arhar waya.

Sai tsayuwa. A tsaya a kusurwa, a jingina da bango, a riƙe wayar a kwance daidai ƙirji, ba a karkata ta sama ko ƙasa ba, ta yadda za a ga bango biyu ko uku da daɓe da ɗan rufi. Alamar an yi daidai ita ce gefen ƙofa ya miƙe sak a hoton. Idan ya jirkice, na'ura za ta zana kabad a jirkice, ko ta faɗaɗa saman ɗakin. Wayoyin zamani suna da wani maɓalli da aka rubuta 0.5 a kansa, wanda ke haɗiye ɗaki duka a hoto guda. 'Yan mata suna son sa don yana sa ɗaki ya yi girma, kuma wannan shi ne aibinsa, domin girman na ƙarya ne, manhaja kuma za ta cika shi da kujerun da ba su da wurin zama a zahiri. Gara a bar kyamara a kan 1, a ɗauki hoto huɗu daga kusurwa huɗu. Kada a sa wa hoton wani kwalli ko tacewa kafin a tura shi.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da muka yaye zanin nan, tsagar ta taso ne daga kusurwar taga ta gangaro kusan ƙasa, ga kuma gindin bangon ya yi fari-fari yana zubar da fenti, alamar danshi na hawowa daga ƙasa da damina. Ƙanwar angon ta ce kunya ta ji kada dangin amarya su gani. Na fahimce ta. Amma a bangon nan ne hoton manhaja ya ajiye babbar wadirof, kuma da an bi shi, allon katakon zamani da ake matsawa da garin itace, wanda ba ya shiri da ruwa, da damina biyu ta ishe shi ya kumbura ya ruɓe, gara ta ƙarasa sauran. Kuma ko an bar tsagar a fili, manhaja za ta shafe ta a hoton da za ta dawo da shi, domin an koyar da ita da bangayen da ba su da tabo. Amfanin hoton gaskiya shi ne ya zauna kusa da na ƙawa, duk wanda ya ga ɗaya ya ga ɗayan, musamman mai biyan kuɗin. Tsaga aikin magini ce, kuma kuɗinsa ya kamata a fara warewa kafin na labule.

Abin da hoto ba zai taɓa faɗa ba shi ne awo. Kafinta ya zaro tef: ƙafa 12 da ƙafa 12, irin ɗakin da aka fi ginawa a garuruwanmu. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Gado ƙafa 6 da 6, in an sa kansa da ƙafarsa ya ɗara haka. Wadirof tana cin ƙafa 2 daga bango, ƙofarta kuma tana son wurin buɗewa. Idan suka fuskanci juna, abin da ya rage a tsakani bai wuce ƙafa 4 ba, a cikinsa za a wuce, a cikinsa za a shimfiɗa darduma a yi salla, a cikinsa 'yan barka za su zauna in Allah ya kawo rabo. A hoton da aka nuna mini akwai gado da wadirof da doguwar kujera da teburin tsakiya da tukunyar fure, kuma da sauran filin da yaro zai yi gudu. Na'urar ba ƙarya ta yi niyya ba. Ba a gina ta don ta yi lissafin ƙafa ba, an gina ta ne don ta fitar da abin da ido zai yarda da shi. Wanda ya kai wa kafinta hoton ba tare da awo ba, ya ce "irin wannan sak", ya sayi rigima da kuɗinsa. Kafintan da muka tafi da shi ya ce ya sha karɓar irin waɗannan hotuna, wani lokacin ma ƙafar kujerar ta narke cikin daɓe, ko kabad ɗin ba shi da inda za a kama a buɗe, amma mai aiki ya kafe sai an yi haka.

Ga masu ginin ƙasa abin ya fi haka tsanani, kuma har yanzu su ne da yawa a ƙauyukan Kusada da Kankia. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi ya sirance a sama, kusurwarsa a lanƙwashe take, rufinsa azara ne da aka jera, kuma da yake azara ba ta ɗaukar nauyi a dogon zango, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da daurin guga don su faɗaɗa ɗaki. Wannan ilimi ne mai zurfi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har gobe masana gine-gine suna nazarinsa, kuma J. C. Moughtin ya rubuta littafi sukutum a kan ginin Hausa a 1985. Amma ka ba manhaja hoton soro mai bakan gizo, sau da yawa za ta miƙe lanƙwasar, ta rufe azarar da farin sili, ta mayar da alkukin da aka sassaƙa a bango wurin ajiye talabijin. Abin da take gani a matsayin kuskuren da za a gyara shi ne abin da ke sa ɗakin sanyi a watan Afrilu. Duk mai irin wannan ɗaki ya rubuta wa manhajar a fili cewa bangon ƙasa ne, kada ta taɓa rufi da siffar bango, ta tsaya ga shimfiɗa da launi da jeri. Yawancinsu sun fi jin Turanci, don haka a nemi ɗalibin gidan ya rubuta. Ko da an rubuta, sai an yi ta maimaitawa.

Haka nan ba ta san jere ba. Kakanninmu mata sun jera ƙoruna, iyayenmu suka jera tasoshi da kwalla da langa har rufi, na bayansu suka koma tangaran a cikin kabad mai gilashi. Jere shi ne bankin mace da shaidar gatanta, ana sayar da shi ranar da ta ɓaci. Manhaja tana ganinsa a matsayin tarkace, ta share shi ta sa fure ɗaya a kwalba. Ba ta kuma san alƙibla ba, ba ta san cewa gidan Musulmi zai ƙi gunkin ado ko kwalaben giya da take son jerawa a kan kanta ba. Waɗannan duk sai mai ɗaki ya sa nasa hankalin.

Ɓangare na biyu, wato abin da za a rufe, ya fi na farko nauyi a wurina. Hoton da aka saka a manhaja ba ya zama a waya. Yana tafiya rumbun kwamfutocin kamfanin, galibi a wata ƙasa, kuma abin da za a yi da shi yana cikin doguwar yarjejeniyar Turanci da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba. Wasu kamfanonin suna rubuta cewa za su iya amfani da hotunan wajen inganta na'urarsu. Gaskiya ne Nijeriya ta yi Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, wadda ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman a goge bayanansa, ta kuma kafa hukuma a kan haka. Amma ina yarinyar Ƙofa, ina bin kadin hotonta a kamfanin da ko adireshinsa ba ta sani ba? Kariyar da ke hannunta ita ce ta kafin a ɗauki hoton. A fitar da mutane, babba da yaro. A sauke hotunan iyali da takardun shaida da duk abin da ke da suna ko lambar waya. A duba madubi, domin sau da yawa mai ɗaukar hoton tana ciki ba mayafi ba ta lura ba. A fitar da akwatuna da keken ɗinki da janareta. Wannan ma yana taimaka wa na'urar, tunda kusurwoyi za su fito, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Idan an kunna wa kyamarar waya damar sanin wuri, kowane hoto yana ɗauke da lambobin da ke nuna daidai inda aka ɗauke shi, da rana da sa'a. WhatsApp yana cire wannan bayani idan an tura hoto ta hanyar da aka saba, sai dai yana rage masa kyau, shi ya sa masu wayo ke tura shi a matsayin takarda don ya je garau, to a nan kuma bayanin wurin yana biye da shi. Maganin shi ne a shiga saitin kyamara a kashe sanin wuri tun kafin a ɗauka. Ba sai na tsawaita wa mutumin Katsina dalili ba. Mun san halin da ƙauyukanmu suka shiga a shekarun nan, mun kuma san cewa masu satar mutane da 'yan rahotonsu suke aiki. Ni ban fi jin tsoron kamfanin waje ba a nan, na fi jin tsoron hannu goma da hoton zai bi a cikin gari: daga ƙanwar ango zuwa amarya, zuwa ƙawayenta, zuwa dandalin 'yan ajinsu. Hoton akwatunan lefe a buɗe, da sunan mai su a bango, talla ce ga wanda ba a gayyata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani abokin aikina da na ba wannan labari ya ce mafi sauƙi a hana yaran amfani da manhajojin baki ɗaya. Ban bi shi a nan ba. Na farko, ba za su hanu ba, tunda tun 2024 Meta AI ta shigo cikin WhatsApp ɗin 'yan Nijeriya, abin yana aljihun kowa. Na biyu, akwai amfani na gaske. Wanda ya taɓa sayen bokitin fenti biyu aka shafa sannan ya ga launin bai yi ba, ya san darajar gwaji kyauta. Matar da ba ta da kuɗin ɗaukar mai tsara ɗaki tana iya ganin yadda gado zai zauna a gabas ko a yamma kafin a kira majiya ƙarfi. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ɗauki hoton a matsayin alkawari. A al'adarmu kayan ɗaki a wuyan uban amarya suke, kuma mun san iyayen da suka sayar da gona ko shanun huɗa don kada a raina 'yarsu. A da, gasar da ɗakin 'yar maƙwabta ake yi, wanda aƙalla kafinta ne ya yi shi da kuɗin da aka sani. Yanzu an fara gasa da ɗakin da ba a taɓa ginawa ba, wanda babu farashi a jikinsa. Mijin yayata manomi ne, gero da dawa da ɗan wake yake nomawa. Da ya ga hoton farko bai ce komai ba, ya miƙa wayar ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Da muka gama fitar da kaya muka ɗauki hotuna huɗu, na sa ɗan'uwanta ya rubuta wa manhajar girman ɗakin, da cewa taga ɗaya ce kada a ƙara, ba a son kafet mai gashi, a bar fili a gefen gabas. Sau uku tana ƙara taga duk da haka. A karo na huɗu ta fito da ɗaki mai ruwan ƙasa-ƙasa, gado a bangon da ba shi da danshi, wadirof mai ƙofa biyu, leda a ƙasa. Amaryar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kawu, ai wannan bai kai wancan kyau ba." Na ce haka ne. Kafinta ya karɓi wayar, ya auna bangon da tef karo na biyu, ya ce wadirof ɗin za ta shiga in an rage mata inci huɗu, ya faɗi kuɗinsa. Uban ya nemi ragi, suka daidaita a tsaye. Magini kuma ya ce tsagar sai an fasa an ɗaure ta, zai zo ranar Asabar da siminti buhu biyu.